Bin sawun alamo daga Teksas zuwa Niyu Meksiko

Ginin Alamo ƙarami ne, ba kamar yadda sunansa ya cika duniya ba. Wanda ya saba ganin hotonsa a jikin riguna da kofunan shayi zai zaci wata ƙasaitacciyar ganuwa ce a bayan gari, amma abin da na tarar a tsakiyar birnin San Antonio tsohuwar coci ce ta farin dutse, otal-otal da shagunan tsaraba sun yi mata ƙawanya. Bikin suna ne ya kai ni garin, na ɗiyar ɗan ƙanwata da ke aikin jinya a can. Da baƙi suka watse, hutunsa bai ƙare ba, sai ya ce, "Kawu, in ka koma ba ka ga Alamo ba, mutanen nan cewa za su yi ba ka zo Teksas ba."

A bakin ƙofa ana roƙon maza su tuɓe hula, kowa kuma ya sassauta murya, don su a wurinsu wajen hubbare ne. Na cire tawa na riƙe a hannu, abin da ban cika yi a bainar jama'a ba. Ciki ba komai sai sanyin dutse, tutoci da sunayen matattu.

Asalin wurin mishan ne. Wani limamin Katolika, Antonio de Olivares, ya kafa shi a 1718 da sunan San Antonio de Valero, aka dawo da shi inda yake yanzu a 1724, don a tara 'yan asalin yankin, ƙabilun da ake kira Coahuilteca, a koya musu addini da noma da biyayya ga sarkin Sifaniya. A 1793 aka rufe mishan ɗin. Wajen 1803 wata rundunar mahaya dawakai ta sauka a ciki, daga wani gari na yankin Coahuila a Meksiko mai suna Alamo de Parras, mutane suka riƙa cewa sojojin Alamo, har sunan ya bi ginin. Wasu kuma sun ce daga bishiyoyin bakin kogi ya samo shi. Ko wanne ne, magana ɗaya ce, domin alamo a Sifaniyanci sunan wata bishiya ce mai son ruwa, mai faffaɗan ganye da ba ya rabuwa da kaɗawa ko iska ba ta da ƙarfi. Shi ma garin na Coahuila sunanta ya ci.

Abin da ya ɗaukaka wurin kwana 13 ne kacal. Ranar 23 ga Fabrairun 1836 shugaban Meksiko, Janar Santa Anna, ya zagaye ginin da sojojinsa. A lokacin Teksas yankin Meksiko ce. A ciki akwai 'yan tawayenta wajen 200 ƙarƙashin William Travis, saurayi ɗan shekara 26, da James Bowie da ke kwance ba lafiya, da David Crockett, tsohon ɗan majalisa daga Tennessee. Da asubahin 6 ga Maris aka hau katanga, kafin hantsi an gama da su. Ranar 21 ga Afrilu kwamandan 'yan tawayen, Sam Houston, ya far wa Santa Anna a San Jacinto, mayaƙansa na ihun a tuna da Alamo, cikin minti 18 aka tarwatsa rundunar Meksiko, Teksas ta ɓalle. A 1845 ta shiga Amurka. Shi kuwa tozon nan na saman ƙofa da ake bugawa a kowane hoto, waɗanda suka mutu a wurin ba su taɓa ganinsa ba. Sojojin Amurka ne suka ɗora shi a 1850 da suka mayar da cocin ɗakin ajiyar kaya.

Ni dai bishiyar nake son gani. A tsakar gidan akwai wata jibgegiya da rassanta suka kwanta har ƙasa, mutane na ta ɗaukar hoto a gindinta. Na tambayi wata dattijuwa mai yi wa baƙi bayani ko ita ce. Ta yi dariya ta ce a'a, wannan itacen ok ne, a 1912 aka cire shi da girmansa daga wani wuri aka dasa a nan. Ta ce in ina neman inda alamo suka taɓa yin layi, in gangara titin East Commerce. A farkon ƙarni na 19 an dasa su gefe da gefe a wannan hanya, aka riƙa kiran ta Alameda, irin dandalin shan iska da Sifaniyawa ke yi a biranensu. Na birnin Meksiko tun 1592 yake. To a gefen wannan Alameda ce Santa Anna ya sa aka tara gawarwakin mayaƙan Alamo da itace aka cinna musu wuta. Mun je. Akwai alluna masu bayani, akwai motocin haya na 'yan yawon buɗe ido, bishiyoyin kam babu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai a cikin duk labarin ba ya cikin jaruman da aka sassaƙa a jikin dogon dutsen tunawa na dandalin. Sunansa Joe, bawan Travis ne, yana gefen ubangidansa lokacin da harsashi ya same shi a ka. Sojojin Meksiko ba su kashe shi ba, suka sake shi tare da Susanna Dickinson, matar ɗaya daga cikin mayaƙan, da jaririyarta, kuma da yawa daga abin da aka sani game da wannan asuba daga bakinsa aka ji. Ladansa shi ne aka mayar da shi cikin dukiyar gadon Travis. Ranar 21 ga Afrilun 1837, ana bikin cika shekara da nasarar San Jacinto, ya sulale ya gudu, aka buga cigiyarsa a jarida da alkawarin tukuici. Meksiko ta haramta bauta tun 1829 a zamanin shugaba Vicente Guerrero, su kuwa baƙin da suka kwararo daga kudancin Amurka noman auduga ya kawo su, da bayi suke yin sa. Tsarin mulkin da Teksas ta rubuta a 1836 ya hana majalisa 'yanta bayi, ya kuma hana baƙar fata mai 'yanci zama a ƙasar sai da izini. Ɗan ƙanwata ya ce kada in yi wa mutanen rashin adalci, ai Santa Anna ya yi fatali da tsarin mulkin Meksiko na 1824, har jihar Zacatecas ta yi masa bore, kuma cikin waɗanda suka mutu a Alamo akwai 'yan Meksiko haifaffun garin irin su Gregorio Esparza. Gaskiyarsa. Amma 'yancin da aka mutu a kansa bai haɗa da Joe ba, kuma ban ga dalilin da zai sa a faɗi ɗaya a haɗiye ɗaya ba.

Washegari muka bi kogi kudu zuwa sauran mishan huɗu, Concepción, San José, San Juan da Espada, waɗanda UNESCO ta haɗa da Alamo cikin wuraren tarihi na duniya a 2015. Can babu cunkoso, kuma can ne mutum zai gane dalilin kafa garin. Magudanan ban-ruwa da 'yan asalin ƙasar suka haƙa da hannu suna nan, suna kiran su acequia, kalmar da Sifaniyawa suka gada daga Larabawan Andalus. Kusa da Espada akwai gadar dutse ta shekarun 1740 da ke tsallakar da ruwa ta saman wani rafi, har yau ruwa na bin ta zuwa gonaki. Masu haƙar da yawansu cututtukan Turawa ne suka kwashe su. Ɗaruruwansu na binne a ƙarƙashin dandalin Alamo ɗin nan da muka tattake jiya, jikokinsu har kotu sun je a kan a mutunta maƙabartar.

A gida da dare yaron ya buɗe taswira a waya yana nuna mini sunaye: Alamogordo, Los Alamos, duk a jihar Niyu Meksiko. Ya ce ƙarshen Oktoba ne lokacin da ganyen bishiyar ke komawa rawaya. Matarsa ta cika mana kula da dambun nama da soyayyen fanke, muka kama hanya bayan sallar asuba.

Daga San Antonio zuwa El Paso kusan kilomita 900 ne a kan babbar hanya mai lamba 10, kuma ba abin da zan ce a kansu sai tsawo. Ƙasa ta bushe a hankali, itatuwa suka gajarce suka koma ƙaya. Mun yi ƙasaru a wuraren hutawar direbobi, manyan motoci na wucewa. A Fort Stockton aka nuna mana inda wani babban marmaro, Comanche Springs, ya taɓa ɓuɓɓugowa; a shekarun 1950 manoma suka kafa injinan zuƙo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, marmaron ya ƙafe. A wannan hanya idona ya koyi abin da matafiyan da suka sani: in ka hango wani siririn layi mai rawaya can nesa a cikin fako, to ƙorama ce, ko ba ka ga ruwan ba. Wanda ke tafe a kan alfadari shekaru 300 da suka wuce, hango alamo na nufin zai sha, dabbarsa za ta sha, zai samu inuwa da itacen girki. Shi ya sa sunan ya bazu a taswira ko'ina Sifaniyawa suka taka.

Daga El Paso muka yi arewa. Kafin Alamogordo akwai shingen jami'an kan iyaka a tsakiyar hanya, nesa da iyakar kanta. Wanda zai bi ta nan ya riƙe fasfonsa a aljihu. Garin na jirgin ƙasa ne, 'yan'uwa biyu, Charles da John Eddy, suka yanka shi a 1898, sunan kuma na nufin alamo mai ƙiba. A wurin shaƙatawa na Alameda da ke bin layin dogo na fara dafa bishiyar da hannuna: kauri ya fi ƙarfin rungumar mutum biyu, ɓawo mai zurfin tsaga, ganye mai fasalin zuciya. Ƙarar ganyen ta ba ni mamaki, sai ka ce yayyafi ake yi. Dalili shi ne sandar da ke riƙe ganyen a baje take, ba zagayayya ba, ko ɗan numfashin iska sai ya juya shi.

Inda ta fi burge ni shi ne White Sands, yamma da garin. Tuddan farin rairayi ne na ma'adinin jifsam, sun shimfiɗu fiye da murabba'in kilomita 700, farin har yana kashe ido. A tsakiyar wannan sai ga alamo, rairayi ya binne ta har wuya, kanta kawai ke waje yana ta walƙiya. Ma'aikacin wurin ya ce ruwa na nan kusa ƙwarai a ƙarƙashin tuddan, kuma muddin wasu ganyaye na ganin rana bishiyar ba za ta mutu ba, tudun zai wuce ya bar ta.

Sai dai duniya ba don bishiya ta san Alamogordo ba. Da ƙarfe 5:29 na asubahin 16 ga Yulin 1945, a filin gwajin bama-bamai da ke ɗauke da sunan garin, aka tayar da bam ɗin nukiliya na farko a kan hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 30. Sun kira gwajin Trinity. Ƙarfinsa ya kai na nakiya tan 20,000 ko fiye, rairayin wurin ya narke ya zama koren gilashi. Sanarwar da sojoji suka ba jaridu ita ce wai rumbun harsasai ne ya fashe. Ba a gargaɗi kowa ba, ba a kwashe kowa ba.

Mun tsaya a Tularosa, ƙauyen da bai kai kilomita 100 daga wurin ba. Masu jin Sifaniyanci daga kwarin Rio Grande ne suka kafa shi a 1862, kuma har yau ruwa na gudu a ƙananan magudanai a gefen tituna, ƙarƙashin tsofaffin alamo. A 1945 mutanen wannan yanki ruwan sama suke tarawa daga rufin gida su sha, madarar shanunsu suke sha, lambunsu suke ci. Toka ta yi ta sauka a kan duk wannan. Shanu a wasu garake gashin bayansu ya ƙone ya fito fari. Wani dattijo da muka tarar yana share ganye daga magudanar ƙofar gidansa ya lissafa mana 'yan gidansu da sankara ta ɗauke, da yatsu, ba tare da ya ɗaga murya ba. Dokar biyan diyya ga waɗanda tururin gwaje-gwajen ya shafa ta fito a 1990, ta ɗauki wasu yankunan Nevada, Utah da Arizona, ta tsallake mutanen da aka fara gwada abin a kansu. Wata 'yar garin, Tina Cordova, ta kafa ƙungiya a 2005 tana ta sintiri zuwa majalisa, sai a 2025 aka sa Niyu Meksiko a ciki, shekara 80 bayan tokar. Filin Trinity kansa na cikin sansanin soja, ba a buɗe shi sai ranar da aka ware. Mun dai ga allon tarihi a bakin hanya mai lamba 380 muka wuce.

Hanyar ta sauke mu a kogin Rio Grande, a wani ƙauye da shi ma sunansa San Antonio. Daga nan zuwa Albuquerque da gaba kurmin alamo ne ke bin kogin, suna ce masa bosque, kuma a wannan mako duk ya zama ruwan zinariya, hagu da dama kuma hamada. A Bosque del Apache wasu dogayen tsuntsaye dangin gauraka sun fara isowa daga arewa don cin hunturu.

A Albuquerque na samu wanda ya warware mini rayuwar bishiyar, wani tsohon malamin makaranta da ke aikin sa-kai a cibiyar kula da kurmin. Akwai mace akwai namiji. Wajen watan Yuni macen kan saki iri cikin farin kaɗa, iska ta ɗebe shi ya rufe gari, tamkar rimi in ya fashe a bazara. Irin ba ya jimawa da rai, kuma ba ya tsira sai a kan jiƙaƙƙen yashi tsirara da rana ke duka. Da can ƙanƙarar duwatsun Colorado kan narke daidai wannan lokaci, kogi ya cika ya yi ambaliya ya ja baya ya bar sabon yashi, iri ya sauka a kai, saiwa ta bi ruwa ƙasa yayin da yake janyewa. Daga baya aka yi wa kogin shinge da wasu ƙarafa masu ƙafa-ƙafa da har yanzu suke tsatsa a cikin kurmin, aka kuma gina madatsar Cochiti a shekarun 1970. Ambaliya ta tsaya, gidaje suka tsira, haihuwar alamo ita ma ta tsaya. Ya ce yawancin manyan da muke gani 'ya'yan ambaliyar 1941 ne, sun tsufa tare, kuma bishiyar ba mai dogon kwana ba ce. A ƙarƙashinsu wasu baƙin itatuwa da aka shigo da su daga Asiya ne ke cinye wurin. Yanzu sai dai a sare reshe, a huda rami har ya taɓo ruwa, a soka shi. A 2022 kogin ya ƙafe ƙaf a cikin Albuquerque, karo na farko cikin shekara 40. Na tambaye shi ko dashen zai wadatar. Ya ɗaga kafaɗa ya ce suna dai yi.

Su kuwa mutanen Pueblo, 'yan asalin ƙasar da suka riga kowa zama a bakin kogin nan, da kututturen alamo suke fafe ganga, na ƙauyen Cochiti sun yi suna a kai. Ƙabilar Hopi ta Arizona da saiwarta suke sassaƙa 'yan gumakansu na katsina. Yaron ya ƙyalƙyale da dariya da jin sunan. Ba ruwansa da Katsinarmu, karo ne kawai na harshe.

Los Alamos a sama take, kan wani tudu mai tsayin mita 2,200 da ɗoriya, hanya na nannaɗe da bakin kwazazzabo. Mun bar alamo a ƙasa wajen gadar Otowi. Sama sai dogayen itatuwan fayin, masu sunan kuwa suna can cikin kwari inda ruwa yake. A 1917 Ashley Pond ya buɗe makarantar kwana ta 'ya'yan masu kuɗi a nan, ana koya musu hawan doki da kwana a waje. Robert Oppenheimer, masanin kimiyyar da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya, ya san yankin tun yana saurayi yana yawo a kan doki, shi ya nuna wa Janar Leslie Groves, sojan da ke shugabantar aikin bam ɗin, wurin a Nuwamban 1942, don a kafa cibiyar ƙera shi a asirce. Farkon 1943 makarantar ta tashi, aka zagaye tudun da waya. Garin ya ɓace daga taswira: duk wasiƙa sai ta akwatin gidan waya mai lamba 1663 a Santa Fe, jariran da aka haifa a can ma shi aka rubuta musu a matsayin wurin haihuwa. Babban zauren makarantar, Fuller Lodge na 1928, yana nan da gungumansa a tsaye, gumakan Oppenheimer da Groves na gefe, mutane na rungume su ana hoto.

'Yan taku kaɗan daga nan akwai wata bukkar katako ta iyalin Romero. Kafin sojoji su zo, iyalai masu jin Sifaniyanci wajen 30 ke noman wake a kan tudun, ƙasar kuma tun fil azal ta kakannin mutanen Pueblo na ƙauyen San Ildefonso ce. An biya makarantar dala 225 a kan kowace eka. Wasu daga cikin manoman dala 7 aka ba su, wasu ko takardar da aka miƙa musu ba su iya karantawa ba, da Turanci take. Sai a 2004 majalisar Amurka ta ware dala miliyan 10 ga magadansu. Wasu daga cikin manoman sun dawo tudun a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma a matsayin leburori da masu shara, matan ƙauyukan kwari kuma ana kwaso su a bas su yi wanki da raino a gidajen masana.

A gidan tarihi na Bradbury, shiga kyauta ne, an ajiye kwaikwayon bama-baman biyu da girmansu na ainihi: siririn da aka jefa wa Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945, da ƙaton da aka jefa wa Nagasaki ranar 9. Yaran makaranta na zagaye su suna cika takardar aikin gida. Ɗan ƙanwata ya ce abokan aikinsa da yawa sun yi imani bam ɗin ne ya gajarta yaƙin ya ceci rayuka. Na ce na ji wannan hujja, ban kuma isa in yanke ta a tsaye a nan ba. Abin da na tuna masa shi ne inda ƙarfen ya fito. Kaso mafi tsoka na yuraniyom ɗin aikin daga mahaƙar Shinkolobwe ta Katanga yake, a Kwango ta zamanin mulkin Beljiyam, inda dutsen ya fi na ko'ina ƙarfi. Shugaban kamfanin da ke haƙar, Edgar Sengier, tun 1940 ya loda tan 1,200 ya kai wani sito a New York, yana nan ajiye sojoji suka zo saye. Amurka ta ba shi lambar yabo a 1946. 'Yan Kwango da suka tono dutsen suka tsince shi da hannu, ba safar hannu ba abin rufe hanci, ba su ma san me ake yi da shi ba.

Muna gangarowa ya sake buɗe taswirar. Ya ce, "Kawu, akwai fa Alamosa a Colorado, ba nisa daga nan. Akwai Alameda a Kalifoniya, akwai Alamos a Sonora." Na ce masa ya bari haka nan, ranar Litinin yana da aikin safe, man motar daga aljihunsa yake fita, kuma mai jego ta riga ta kira tana tambayar ko mun manta hanyar gida ne.